Haɓo ga mai hawan jini da ciwon suga: daga ina yake, kuma me ake yi?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da shekara 62, yana fama da hawan jini da ciwon suga. Kullum yana shan amlodipine da metfomin da ƙaramin asfirin. A wata guda ya yi haɓo sau uku, na ƙarshen sai da ya kusan rabin awa kafin ya tsaya. Da muka auna jininsa a lokacin mun ga 178/100, sai muka ƙara masa ƙwayar hawan jini ɗaya. Wasu sun ce mu gode wa Allah, jinin ne ya sami hanyar fita, da ba haka ba a ka zai fashe masa. Gaskiya ne? Kuma mu dakatar da asfirin ɗin?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da maganar da aka faɗa muku, domin a duk abin da kika rubuto ita ta fi damuna. Ba gaskiya ba ce. Haɓo ba ya rage hawan jini, ba ya kuma kare kowa daga shanyewar ɓarin jiki. Babban mutum yana ɗauke da jini kusan lita 5 a jikinsa, wanda ke zuba ta hanci kuwa, ko ya ɓata riga da tawul har ya firgita mutanen gida, yawanci ɗan kaɗan ne daga ciki. Shi hawan jini ba yawan jini ba ne balle a ce an rage an huta. Ƙarfin da zuciya ke tura jini da shi ne, haɗe da yadda jijiyoyi suka tsuke suka yi tauri. In har jinin da ya zuba ya kai ga saukar da awo, to an shiga wani haɗarin dabam, mutum ya zubar da jini fiye da kima, sai a ruga asibiti da shi. Illar wannan magana ita ce tana sa iyali su saki jiki daidai lokacin da ya kamata su tashi tsaye. Jijiyar ƙwaƙwalwa tana nan da rauninta, ko hanci ya zubar ko bai zubar ba.

A gaban bangon da ya raba kafofin hanci biyu, daidai inda ɗan yatsa ke iya kaiwa, akwai wurin da ƙananan jijiyoyin jini daga sassa daban-daban suke haɗuwa su sarƙe da juna. Likitoci na kiran wurin da sunan Little, wani likitan fiɗa na Amurka da ya yi bayaninsa a 1879, ko da sunan Kiesselbach, Bajamushen da ya yi rubutu a kansa bayan 'yan shekaru. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, guringuntsi ne a ƙarƙashinta, kuma duk iskar da mutum ya shaƙa sai ta bi ta kanta. Kusan haɓo 9 cikin 10 daga nan yake. Iska ta bushe, fatar ta tsage, ɓawo ya fito, a fyace majina da ƙarfi ko a sa yatsa, ɓawon ya ɓalle, jini ya biyo baya. Ragowar kuma daga can ƙuryar hanci yake fitowa, daga jijiya mai kauri wadda yatsa ba ya kaiwa gare ta. Wannan shi ya fi samun masu shekaru, jinin yana gangarawa maƙogwaro ko ya fito ta kafofin biyu gaba ɗaya, kuma matse hanci ba ya tsayar da shi.

Kan rawar da hawan jini ke takawa, likitoci sun daɗe suna ja-in-ja. Wani bincike da aka wallafa a 2020 daga Koriya ta Kudu ya bi bayanan inshorar lafiya na mutum sama da 70,000, rabinsu masu hawan jini. An samu masu hawan jinin sun fi yin haɓon da ke kai mutum asibiti da kusan ninki ɗaya da rabi, kuma sun fi buƙatar a toshe musu ƙuryar hanci kafin jinin ya tsaya. Amma a shekarar dai, ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da jagorar aiki inda ta ce an ga alaƙa, ba a dai tabbatar cewa hawan jinin ne ke haddasa haɓon ba. Yadda na fahimci lamarin shi ne, mafi yawan lokuta ba hawan jini ke fasa jijiyar ba, hana ta rufewa yake yi. Lafiyayyar jijiya idan ta yanke tsukewa take yi da kanta, gudan jini ya samu ya zauna a bakinta. Wadda ta shekara goma ko ashirin tana ɗaukar ƙarfin jini ta zama kamar tsohon tiyon da rana ta busar, in ya tsage haka zai zauna a buɗe. Shi ya sa haɓon yaro kan tsaya cikin minti biyar, na Baba kuma ya ja rabin awa.

Wannan 178/100 da kuka gani, kada ki ɗauke shi a matsayin shaidar cewa shi ya jawo jinin. Duk wanda ya ga jini na zuba daga fuskarsa, mutane sun kewaye shi ana salati, dole awonsa ya hau. Sau da yawa da jinin ya tsaya, hankali ya kwanta, awon kan sauko da kansa. Ƙarin ƙwayar da kuka ba shi kuwa ba ta taimaka ba, kuma ina roƙon kada a sake. Amlodipine sai ta yi awa 6 zuwa 12 kafin ta kai ƙarfinta a jini, tana kuma daɗewa a jiki fiye da kwana guda. Ke nan ba abin da ta yi wa haɓon da ake ciki, sai can da dare ƙarfinta zai zo, lokacin da tsoro ya wuce, jini ya ɗan ragu, awo ya riga ya sauka. A nan ne dattijo ke tashi fitsari jiri ya kayar da shi. Ƙwayar nifedipine da wasu ke taunawa ko su sa ƙarƙashin harshe don saukar da awo nan take ta fi wannan haɗari, domin faɗuwar awo farat ɗaya tana iya hana ƙwaƙwalwa da zuciya jinin da suke buƙata. Awon da ke sa a tafi asibiti ba jira shi ne wanda ya kai 180/120 ko ya wuce, musamman in akwai matsanancin ciwon kai, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki, sanyin hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana. Waɗannan alamu ma ko awo bai kai haka ba, asibiti ne.

Yanzu ga abin da za a yi in ya sake faruwa. Zan daɗe a nan, domin yawancin waɗanda ke zuwa mana suna cewa mun matse bai tsaya ba, in aka ce su gwada yadda suka yi, sai a ga ba daidai suka matse ba.

A zaunar da shi a kujera, ya ɗan sunkuyo gaba. Kada ya kwanta rigingine, kada ya ɗaga kai sama. Ɗaga kai ba ya tsayar da jini, sauya masa hanya kawai yake yi, ya bi maƙogwaro ya tafi ciki, a ɗauka ya tsaya alhali yana nan yana zuba. Jinin da aka haɗiye yana tayar da zuciya ya sa amai, yunƙurin amai kuma ya sake buɗe jijiyar. Wanda ya sauko baki a tofar a kwano, ta haka ma za a ga yawansa. Idan akwai gudajin jini a hancin, ya fyace su a hankali sau ɗaya, domin gudan da ke reto a kan jijiya yana hana ta rufewa.

Sannan a sa babban yatsa da manuniya a matse sashen hanci mai laushi, wato ƙasa da inda ƙashi ya ƙare, a haɗe kafofin biyu ko da ɗaya ce ke zubarwa. Mutane da yawa karan hanci suke kamawa can sama tsakanin idanu. Ƙashi ne a wurin, ko an kwana ana matsawa ba abin da zai taɓa jijiyar. Ya yi numfashi ta baki. A duba agogo, minti 15 cur, ba saki. Ba a buɗewa a leƙa ko ya tsaya, kowace leƙawa tana ɓalle ɗan gudan da ya fara kamawa, sai a koma farko. Minti 15 a wannan hali yana da tsawo fiye da yadda ake zato, shi ya sa na ce agogo, ba kintace ba. Ga mai shan asfirin, kada a rage ko minti ɗaya. In hannunsa ya gaji wani ya karɓa ba tare da an sassauta ba. Tsotson ƙanƙara ko ɗora tsumma mai sanyi a karan hanci ba laifi, amma ƙari ne kawai, matsewar ita ce maganin. Kada a cusa takardar goge hannu ko busasshiyar auduga, suna mannewa, ranar cirewa su taho da ɓawon.

Akwai maganin feshi na toshewar hanci mai suna oxymetazoline, yana tsuke jijiyoyin wurin. In an fesa sau biyu a kafar da ke zubarwa kafin a matse, yakan gaggauta tsayawar jinin. Amfani da shi sau ɗaya bai cika taɓa hawan jini ba, amma ku tambayi likitan Baba tun yanzu ko ya amince a ajiye shi a gida, kuma ba a wuce kwana 3 ana fesa shi.

In an yi minti 15 bai tsaya ba, a sake wasu 15 ɗin, amma a fara shirin tafiya, ana iya ci gaba da matsewa a mota, wani ne kuma zai tuƙa. In an kai rabin awa yana zuba, asibiti. Ba a ma jiran rabin awar idan jinin na kwarara da ƙarfi, ko yana cika baki duk da an matse, ko Baba ya fara jiri, fatarsa ta yi fari, gumi mai sanyi na keto masa, ko numfashi na gagararsa, ko haɓon ya biyo bayan faɗuwa da buguwar kai. Haka nan mai shan maganin tsinka jini, wato wafarin ko irin su rivaroxaban da apixaban, shi tun da wuri ake kai shi.

Ciwon suga shi kansa ba a lissafa shi cikin abubuwan da ke kawo haɓo kai tsaye, amma yana shigowa ta hanyoyi da dama. Suga mai yawa yana sa yawan fitsari, jiki ya rasa ruwa, cikin hanci ya bushe. Yana lalata ƙananan jijiyoyi, yana kuma jinkirta warkewar rauni, sai tsagar da za ta warke cikin kwanaki ta ɗauki makonni tana ɓallewa. Ina zargin abin da ke faruwa da Baba ke nan: ba haɓo uku dabam-dabam ba ne, wuri ɗaya ne bai warke ba. Hanyar da ta fi muhimmanci ita ce ƙoda. Hawan jini da suga su ne manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, kuma idan ƙoda ta yi rauni sosai, dattin da ya taru a jini yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini aikinsu, ga ƙarancin jini da ke biyowa. Akwai waɗanda haɓo ne ya fara kai su asibiti aka gano ƙodarsu ta daɗe da taɓuwa. Don haka mai waɗannan cututtuka biyu da ke maimaita haɓo, gwajin ƙoda wajibi ne a kansa.

Ga wani abu da ya kamata kowa a gidan ya sani. Alamomin faɗuwar suga da na zubar jini mai yawa kusan iri ɗaya ne: gumi, rawar jiki, bugun zuciya da sauri, jiri, ruɗewa. In Baba ya fara haka ana cikin haɓo, wani ya ci gaba da matse hancin, wani ya auna suga. In ya gaza 70, ko 3.9 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, a ba shi suga babban cokali ɗaya a ruwa matuƙar yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a sake aunawa bayan minti 15. In sugan lafiya lau ne amma alamun na nan, to jinin ne, a tafi. Metfomin kaɗai bai cika saukar da suga ƙasa da kima ba, haɗarin ya fi ga masu allurar insulin ko masu shan glibenclamide da gliclazide, musamman in sun haɗiyi jini, zuciyarsu na tashi, sun kasa cin abinci. Masu shan maganin hawan jini da zuciya irin su atenolol ko bisoprolol kuma maganin yana hana zuciya saurin bugawa, sai ya ɓoye alamar duka biyun. Idan amai ya ƙi tsayawa ko an zubar da jini sosai, a kira likita a ranar, domin metfomin da ƙwayoyin sa fitsari da magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan akan dakatar da su na ɗan lokaci don kare ƙoda. Insulin dai ba a yanke shi gaba ɗaya.

Abu ɗaya na gefe: gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kusan kwana 120. Bayan zubar jini mai yawa ko ƙarin jini yakan fito ƙasa da gaskiya, ƙarancin sinadarin ƙarfe na dogon lokaci kuma yana iya ɗaga shi. A gaya wa likitan sugan labarin haɓon kafin ya yanke hukunci da sakamakon.

Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa amma tana kisa da sauri, kuma masu sugan da ya gagari saiti ta fi kamawa. Wani nau'in fumfuna ne da ke shiga hanci ya toshe jijiyoyin jini, naman wurin ya mutu ya yi baƙi. Duniya ta san shi sosai a 2021, lokacin da Indiya ta samu dubban masu ɗauke da shi a tsakiyar annobar korona, yawancinsu masu ciwon suga da aka ba magungunan sitiroyid. Alamunsa su ne majina mai jini-jini ko baƙa, baƙin ɓawo a cikin hanci ko a ganɗa, ciwo ko kumburin gefe ɗaya na fuska, kumburin ido, ganin abu biyu-biyu, zazzaɓi. Wanda ya ga haka ba ya kwana a gida. Labarin Baba bai yi kama da wannan ba, na faɗa ne don ku sani.

Sai asfirin, inda gizo ke saƙar. Asfirin yana kashe aikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10. Saboda haka tsallake ƙwayar yau ba zai tsayar da haɓon yau ba. Ko a dakatar ko a ci gaba, ya dogara da dalilin da ya sa aka ɗora shi a kai tun farko. Idan ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki irin na toshewa, ko an sa masa 'yar ragar da ke riƙe jijiyar zuciya a buɗe, ko jijiyoyin ƙafarsa sun tsuke, to asfirin ɗin yana tsare ransa ne, kada ku taɓa shi. Wanda aka sa wa raga kwanan nan ya daina asfirin ko clopidogrel, wani maganin hana gudan jini, saboda haɓo, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, ragar na iya toshewa cikin kwanaki. Irin wannan mutum hancin ake gyarawa, a bar maganin.

Amma idan bai taɓa samun ko ɗaya ba, an ba shi ne kawai don rigakafi saboda yana da suga da hawan jini, to akwai magana. Binciken ASCEND da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2018 ya bi masu ciwon suga sama da 15,000 waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba. Asfirin ya rage matsalolin jijiyoyin zuciya da ƙwaƙwalwa da kusan kashi 12 cikin 100, amma ya ƙara zubar jini mai tsanani da kusan kashi 29 cikin 100, har ribar da hasarar suka kusan cinye juna. A 2022 kwamitin ƙwararru kan rigakafin cututtuka na Amurka ya ba da shawarar kada a fara ba wanda ya kai shekara 60 asfirin don rigakafi kawai. A nawa ganin, mutane da yawa suna kan asfirin ne saboda an rubuta musu shekaru da suka wuce, kowane likita ya zo sai ya kwafa, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Kuma asfirin a kan hawan jinin da bai saitu ba ya fi haɗari, har da na zubar jini a ƙwaƙwalwa. Don haka kada ku dakatar da kanku, amma ku je wa likitansa cikin makon nan da tambaya ɗaya: don me Baba ke shan asfirin, kuma har yanzu dalilin na nan?

Ki kuma binciki abin da yake sha wanda ba likita ya rubuta ba. Dattijo mai ciwon gwiwa ko baya da wuya a rasa ibuprofen ko diclofenac a aljihunsa, kuma ba ya lissafa su cikin magani in an tambaye shi. Waɗannan suna ƙara zubar jini, suna ɗaga hawan jini, suna cutar da ƙoda, duk abubuwan da muke gudu a jikin Baba. Farasitamol ya fi masa. Magungunan mura masu pseudoephedrine ko phenylephrine suna ɗaga awo. Feshin hanci na sitiroyid da ake ba masu atishawa yana sa haɓo in ana harba shi kan bangon tsakiya, gefen waje ake karkata bakin kwalbar. Wasu magungunan damuwa irin su sertraline da fluoxetine, da ƙarin magunguna na ganye irin su ginkgo, suna rage daskarewar jini. Mai shan wafarin kuma in aka ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su metronidazole ko Septrin ko fluconazole, jininsa na iya tsinkewa fiye da kima cikin 'yan kwanaki. A zuba duk abin da yake sha a jaka ɗaya a kai wa likita ya gani da idonsa.

A asibiti abin ba shi da ban tsoro kamar yadda ake zato. Za a sa maganin kashe zafi da na tsuke jijiya, a haska a nemi wurin. In an gan shi sai a ƙona shi da ɗan tsinke mai sinadarin azurfa ko da lantarki, aikin 'yan mintoci ne. Ba a ƙona gefe biyu na bangon a rana ɗaya, don kada ya huje. In ba a ga wurin ba sai a toshe hancin da soso na musamman ko 'yar balan-balan, a cire bayan kwana ɗaya zuwa uku, akwai kuma mai narkewa da kansa wanda ya fi dacewa da masu shan maganin tsinka jini. Na ƙuryar hanci yakan sa a kwantar da mutum, in ya ƙi sai a ɗaure jijiyar ta cikin hanci da na'urar hangen ciki, ko a toshe ta ta hanyar jijiyar jini. Shawarata ita ce Baba ya ga likitan hanci yanzu da jinin ba ya zuba, lokacin ne aka fi ganin jijiyar da kyau.

Wani dalilin ganin likitan shi ne kada a ɗora wa hawan jini laifin da ba nasa ba. Haɓon da kullum ta kafa ɗaya yake fitowa, tare da toshewar wannan gefen, ko toshewar kunne ɗaya, ko ƙullutu a wuya, yana buƙatar a leƙa har ƙurya don a tabbatar ba ƙari ba ne. In akwai jini a dasashi, ko tabon taruwar jini a fata ba tare da buguwa ba, ko baƙin bayan gida, ko rama da yawan zazzaɓi, to matsalar a jinin take ko a hanta, ba a hanci ba. In kuma haɓo gadon gidanku ne, ana ganin jajayen ɗigo a leɓe da harshe da yatsu, akwai wata cutar jijiyoyin jini ta gado da ya kamata a bincika. Gwaje-gwajen da zan so a yi masa su ne na yawan jini da ƙwayoyinsa, na ƙoda haɗe da na furotin a fitsari, na hanta, da na saurin daskarewar jini.

Bayan kowane haɓo, kwana biyun farko su ne masu haɗari. Kada ya fyace hanci, kada ya sa yatsa, kada ya ɗaga kaya mai nauyi ko ya daɗe a sunkuye, ya guji abin sha mai zafi sosai da wanka da ruwa mai zafi. In atishawa ta zo ya buɗe baki. Ya ƙara matashi ya ɗaga kai in zai kwanta. In bayan gida na masa tauri a magance, yunƙuri na buɗe jijiyar. Daga nan sai a riƙa shafa ɗan basilin kaɗan a bakin kafar hanci ta ciki safe da dare na mako biyu, da feshin ruwan gishiri na hanci da rana, musamman lokacin da iska ta bushe ko in yana kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Mai amfani da iskar oksijin a gida kada ya shafa basilin saboda haɗarin gobara, akwai man shafawa na ruwa da ake ba su. A yanke farce. Taba, ta sha ko ta shaƙa, tana busar da hanci tana kuma lalata jijiyoyi.

Awon da zai gaya mana gaskiyar hawan jinin Baba shi ne na ranakun da ba ya haɓo. A samu na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, ba magana. A auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, har kwana 7, a rubuta duka a takarda. Ga mai ciwon suga abin da ake nema yawanci ƙasa da 130/80 ne, in jiki ya ɗauka ba jiri. Idan yawancin lambobin sun haura 135/85, amlodipine kaɗai bai ishe shi ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, mafi yawan masu hawan jini da suga sai an haɗa musu magani biyu ko uku. In an ga furotin a fitsarinsa, likita zai fi karkata ga ƙara masa lisinopril ko losartan, domin suna kare ƙoda, sannan a sake gwajin ƙodar da sinadarin fotasiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa.